Ɗakin Sifat Baig Mai Bin Rana

A ƙauyenmu na Rishkut, can ƙarshen kwari inda hanyar mota take gajiya ta bar wa jakuna sauran aikin, babu wanda ya taɓa jin Sifat Baig ya ce "ban sani ba." Ya ɗan zauna a Islamabad, a wani ofishin masu zanen gine-gine. Waɗanda suka ziyarce shi a can sun ce shayi yake rabawa yana goge tebura. Shi kuwa da ya dawo gida, cewa ya yi rabin benayen birnin daga kansa suka fito, waɗanda suka karkace kuma an gina su ne lokacin da yake kwance da zazzaɓi. Ya saƙala fensir a bayan kunne, ya daina amsa sunansa sai an ce Injiniya.

Wata rana, sanyi bai gama sakin duwatsu ba, Mai gari Ziyarat Shah ya tara jama'a a dandali. Ya ce wata ƙungiya daga birni tana neman ƙauyen da za ta gina wa masaukin baƙi masu zuwa kallon duwatsun ƙanƙara. Amma ginin ba siminti, ba hayaƙi, ba ƙona itace don ɗumama ɗaki. Ƙauyen da aka zaɓa za a gyara masa hanya, samarinsa su sami aiki a gida maimakon su ɓace a Karachi. Idan zafi ya shigo za a turo wata mata ta duba ɗaki guda na gwaji.

Kafin Mai gari ya rufe baki, Sifat ya haye kan dutse.

"Jama'a, me ke ɗumama mutum kyauta?"

"Bargo," in ji wani.

"Faɗa da maƙwabci," in ji Goggo Roshan, ƙanwar mahaifinsa, 'yar tsohuwar da ke da injin niƙa na ruwa, wanda duk gurasar Rishkut daga ƙarƙashin dutsensa take fitowa.

"Rana!" Sifat ya nuna sama da fensir. "Zan gina ɗakin da ke juyawa yana bin rana tun fitowarta har faɗuwarta. Tagarsa ba za ta rabu da haske ba. Ba itace, ba mai, ba lantarki."

"Wa zai riƙa juya shi? Kai?"

"Ruwa, Goggo. Ruwan da ke juya miki dutsen niƙa."

Goggo Roshan ta kalle shi tun daga hula har takalmi. "Ɗan nan, tun kana ƙarami ko tuta ba ka iya kafawa ta tsaya. Injina kake so?"

"Aro kawai. A kansa zan ɗora ɗakin. Dutsenki yana niƙa a ƙasa, baƙo yana hutawa a sama. Ɗaki mai ciyar da gari! A Islamabad da na faɗi wannan, manyan injiniyoyi kuka suka yi."

"Na yarda sun yi kuka," in ji ta.

Aka yi dariya. Amma babu wanda ya kawo wata dabara, kuma kowa yana son hanya. Mai gari ya lallashi Goggo har ta amince, da sharaɗin dutsenta ba zai tsaya ba ko na wuni guda.

Katako ya zama matsala ta gaba. A bayan gidan Sifat akwai dogayen itatuwan da mahaifin matarsa Nigar ya dasa, waɗanda take tanadi don rufin ɗakin 'yarsu Shirin idan ta tashi aure. Nigar ta dawo daga gonar dankali ta tarar da su a kwance.

"Baban Shirin, ina itatuwana?"

"Sun sami ci gaba."

"Sun sami me?"

"Da a tsaye suke ba aikin komai. Yanzu za su zaga duniya."

"Kai ma za ka zaga ta yau, da yunwa." Ta rufe tukunya, ta zauna a kan murfin.

Duk da haka aiki ya ci gaba. Ya yaye rufin ɗakin niƙa. Ya ciro akwatin giya daga wata matacciyar tarakta da ta daɗe a bakin kogi kaji suna ƙwai a cikinta, ya haɗa shi da sandar da ke juya dutsen, don ya rage gudun juyawa. A kan wannan ya kafa ɗakin katako mai faffaɗar taga. Ya cusa gashin tumaki a bango don tare sanyi, bai wanke shi ba, wai wanki yana kashe masa ƙarfi. Da rana ta ɗan taɓa bangon, sai ɗakin ya riƙa tashin warin tsohon rago, har tumakin gari suka fara taruwa a gindinsa suna kuka kamar sun zo ta'aziyya.

"Kun gani?" in ji Sifat. "Dabbobi ma sun shaida ginin bai saɓa wa halitta ba."

Abin mamaki, ranar gwaji ɗakin ya juya. Ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙara a lokacin siriri ne, don haka ya riƙa tafiya a hankali kamar tsohon da ke neman takalminsa. Mutane suka tafa. Sifat ya cire hula ya rusuna wa kowane ɓangare.

Mai gari ya ce shi zai fara kwanciya a ciki. Ya hau matakala, ya shiga, ya yi barcin rana mai daɗi. Da ya farka ya yi miƙa, ya buɗe ƙofa, ya jefa ƙafa da ƙarfin zuciyar mai mulki. Matakala tana nan inda aka kafa ta. Ƙofar ce ta yi gaba. Sai ji aka yi tsundum, Mai gari ya nutse har wuya a magudanar ruwan ƙanƙara, hularsa mai gashin tsuntsu ta kama hanyar kogi ita kaɗai.

Da aka tsamo shi haƙoransa suna kaɗawa, Sifat ya ce, "Baffa, laifinka ne. Ka fito kafin lokacin matakala."

"Matakala tana da lokaci?"

"Kamar motar haya mai zuwa birnin Gilgit. In ta wuce ka, sai ka jira ta dawo."

"In cikin baƙo ya murɗa fa?" in ji Goggo Roshan. "Shi ma ya jira?"

"Haƙuri yana cikin tsarin."

"To alƙibla fa? Mutum ya yi kabbara yana fuskantar alƙibla, ya yi sallama yana kallon ƙasar Sin?"

Sifat ya ciro fensir ya sosa kai da shi. "Wannan yana cikin kashi na biyu na aikin."

Haka dai aka lallaɓa har zafi ya shigo. Ranar zuwan baƙuwar, Rishkut ta yi ado kamar ranar biki. Aka kafa babban tanti a fili, aka shimfiɗa dardumai, aka jera gurasa da man shanu da busasshen tuffa. Makaɗa suka zo da ganguna da algaita. Sifat da kansa ya ɗaura igiyar tutoci masu launi daga saman tanti zuwa kusurwar rufin ɗakinsa, ya nannaɗa wayar lasifika a jikinta. Bunsurun da za a yanka kuma, da aka rasa inda za a ɗaure shi, aka ɗaure shi a jikin sandar tantin.

An sa ran baƙuwar da safe, amma hanya ta riƙe motarta, ba ta iso ba sai da rana ta take. Kowa a kwarin nan ya san abin da rana ke yi wa ƙanƙara a irin wannan lokaci. Ruwan da yake raɗa da safe, kafin la'asar ruri yake yi. Sifat ma ya sani, amma hankalinsa yana kan jawabin da ya haddace.

Madam Samina ta sauko daga motar jif, doguwar mata daga Lahore, da baƙin tabarau da baƙin mayafi mai tsada. Ta shaƙi iska, ta yamutsa hanci.

"Warin me nake ji?"

"Ƙamshin ɗumi ne, Madam. A ƙasashen waje sai an yi odarsa."

Ta zaga ɗakin tana ƙwanƙwasa katako, ta leƙa ƙasa inda dutse ke niƙa alkamar da mata suka zuba tun safe. Ta gyaɗa kai. Gaskiya abin ya burge ta, har ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kan Sifat ya kumbura har hular ta nemi ta yi masa kaɗan. Aka jira ƙofa ta iso matakala, Madam ta shiga, Nigar ta bi ta da butar shayi mai gishiri. Aka ce Mai gari ya raka su.

"Na riga na sha," in ji shi, ya koma can ƙuryar tanti ya zauna.

Sifat ya ɗauki abin magana. "Ya ku mutanen Rishkut! Yau tarihi ya sauka a garinku. A lokacin da nake zana babban birnin ƙasar nan..."

Taga ta wuce ta bayansa, Madam tana murmushi da kofi a hannu.

"...manyan mutane sun roƙe ni in zauna, na ce a'a, jama'ata suna jirana..."

Taga ta sake wucewa. Madam ta daina murmushi.

"Injiniya," wani makaɗi ya ce, "anya rana tana gudu haka?"

"Rana ta bazara ce, tana da sauri. Kada ka katse ni."

Taga ta sake zuwa. Yanzu Nigar ce a jikinta, ta buɗe ta, kanta a waje.

"Baban Shirin..." ɗakin ya tafi da ita. Ya dawo da ita. "...tsayar da abin nan..." Ya tafi. Ya dawo. "...shayi yana hawa bango!"

"Ku kwantar da hankali!" Sifat ya yi ihu a lasifika. "Wannan shi ake kira yawon buɗe ido na gaggawa. Baƙon da ba shi da lokaci..."

Bai ƙarasa ba abin maganar ya fizge daga hannunsa ya tashi sama. Ɗakin ya fara naɗe igiyar tutoci kamar mazari yana naɗe zare. Tutoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Lasifika ta faɗo daga kan sanda ta bi su tana ƙugi. Igiya ta miƙe, tanti ya yi wata irin ƙara, turakunsa suka tuge, ya kama tafiya da kansa a kan fili, ya kwashi faranti da dardumai da mai algaita guda. Mai gari yana ciki a naɗe, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu.

"Ku sake ni! Ni ne Mai gari!"

"Tantin bai sani ba, Baffa!" wani ya amsa, yana riƙe da ƙafarsa guda.

Bunsuru kuwa, da ya ga sandarsa ta tashi, sai ya bi ta. Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, daga nan ya shiga zagaya ɗakin a guje yana kuka, duk wanda ya tsaya a hanyarsa ya sha ƙaho. Tumakin da ke zaman makoki a gindin ɗakin suka ɗauka wani sabon umarni ne, suka rufa masa baya.

Goggo Roshan ta tattare zaninta ta ruga bakin magudana don ta tare ruwan. Ta duba dama, ta duba hagu.

"Sifat! Ina katakon tare ruwa?"

"Wanne?"

"Guda nawa ne, ɗan banza? Wanda kakanka ya sassaƙa!"

Sifat ya ɗaga yatsa a hankali. Can saman ƙofar ɗakin, an kafa katakon da ƙusoshi, an rubuta masa "Barka da zuwa" da jan fenti. Ya wuce ta gabansu da gudu. Ya sake wucewa.

"Ya dace da wurin ne, Goggo. Faɗinsa daidai."

"Zan auna faɗinsa a bayanka!"

A ƙasa dutsen niƙa ya haukace. Bai taɓa gudu haka ba tun da aka sassaƙa shi. Gari ya tashi kamar hayaƙi, ya riƙa kutsawa ta tsagogin daɓen katako, har tagar ta yi fari fat. Daga cikin farin muryar Nigar take fitowa gutsure-gutsure.

"In na sauko..." ta tafi. "...wallahi sai ka..." ta tafi. "...gwammace bunsurun nan ne kai!"

"Madam tana lafiya?" Sifat ya tambaya da taga ta zo.

"Tana salati..." ta tafi. "...da yare uku!"

Nan Sifat ya ga lokacin jarumta ya yi. Ya naɗe hannun riga. "Kowa ya matsa. Giya zan rage masa. Aikin minti ɗaya ne ga wanda ya sani." Ya rarrafa ya shige ɗakin niƙa, cikin gari da ƙara, ya laluba har ya kama sandar giya. Lambobin da ke kanta sun goge tun zamanin kaji. Ya rufe ido, ya yi bismilla, ya tura ta gaba.

Ɗakin ya yi wani irin nishi, ya ninka gudunsa. Butar shayi ta fito ta taga kamar harsashi ta sauka a cikin babbar ganga. Takalmin Madam guda ya biyo baya. Gashin tumaki ya fara fita daga bango yana yawo a iska, yara suna tsalle suna cafkewa suna ihu, "Mu ma a ɗora mu! Injiniya, mu ne na gaba!"

Kan Sifat ya leƙo daga ƙasa, fari tas, idanu kawai ke motsi. "Ya rage?"

"Ya ƙaru!" gari duka ya amsa.

"Haka yake farawa. Yanzu zan sa masa ribas, ya warware duk abin da ya naɗe."

"Kada ka taɓa!" in ji Goggo.

Ya riga ya koma. Ya kama sandar da hannu biyu, ya taka bango, ya fizgo ta baya da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Ƙarar da ta biyo baya, mutanen ƙauyen da ke ƙasa da mu sun ce sun ɗauka dutse ne ya zabtaro. Haƙoran giya suka watse kamar tsakuwa. Sandar da ke ɗauke da ɗakin ta karye. Ɗakin ya yi tsalle ɗaya, ya sauka a kan ciyawar gangare, ya zame a hankali cikin nutsuwa, yana jan tanti da Mai gari da bunsuru, har ya je ya zauna daram a tsakiyar gonar dankalin Mai gari, tagarsa tana kallon bangon dutse inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ruwan da ya rasa abin juyawa ya tsallake magudana ya bi su gonar.

Aka yi tsit. Sai mai algaita, daga cikin tanti, ya busa wata 'yar siririyar murya don a san yana raye.

Ƙofa ta buɗe. Nigar ta fito tana tangaɗi, ta nufi mijinta, amma ƙafafunta suka kai ta wajen wata bishiya, ta tsaya tana zazzaga mata masifa. Bayanta Madam Samina ta fito. Baƙin mayafin ya koma fari, gashinta fari, tabarau ɗin ya rataye a kunne guda. Ta yi taku biyu, ta zauna daɓas a cikin laka, ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai tsoron kada a janye ta.

Sifat ya iso da gudu yana karkaɗe gari. "Madam, kin lura ba a ƙona ko tsinke ɗaya ba? Kuma kin ji ɗumi, ko ba ki ji ba? Ga gumi nan a goshinki."

Ta ɗago kai ta kalli inda take zaton yake. "Don Allah," ta ce a hankali, "a garin nan akwai ɗakin da ba ya motsi?"

"Madam, kin riga ni a baki! Shi ne sabon tsarin da nake shirin fitarwa. Ɗaki mai tsayawa wuri ɗaya, tun safe har dare. Babu wanda ya taɓa..."

A nan Nigar ta gano ba bishiyar take nema ba. Ba sai na faɗi sauran ba, amma Sifat ya nuna wa Rishkut cewa ya fi bunsurun gudu, kuma Goggo Roshan, da tsufanta, ita ta tare shi a bakin gada.

Madam ta kwana biyu a gidan Goggo kafin duwatsu su daina zagaya ta. Da ta warware aka fita da ita ta ga makiyaya da tafki da bakin ƙanƙara, kuma duk lokacin da ta tuna ƙafafun Mai gari a cikin tanti sai dariya ta kama ta har ta nemi wurin zama. Ranar tafiyarta ta tsaya a dandali ta ce kwarin ya yi mata, za a gina masaukin a Rishkut, da dutse da laka da katako, ƙungiya za ta turo masu zane. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a bar Injiniya ya taɓa ko ƙusa.

Shi kuwa hukuncinsa gari ne ya yanke. Ya sake dasa wa Nigar itatuwa, ya tone wa Mai gari dankalin da ya tsira, sannan har a gyara injin Goggo, shi zai riƙa ɗaukar alkamar kowane gida a bayansa zuwa injin ƙauyen ƙasa, ya dawo da gari. Lokacin kaka ya same shi a hanya, sama da ƙasa, buhu a gadon baya, fensir a kunne.

Wata rana da hantsi ya tarar da ma'aikata sun fara gyaran hanyar. Ya sauke buhu, ya riƙe ƙugu, ya gyara musu inda za su sa duwatsu. Ɗaya daga cikinsu, baƙo ne, ya tambaye shi ko shi wane ne.

"Ni na kawo muku aikin nan," in ji Sifat. "Ƙauyuka nawa matar nan ta zaga? Kowa ya nuna mata dutse ɗaya, ya ba ta shayi. Ni kuwa gabas da yamma, kudu da arewa, duk na nuna mata su kafin shayinta ya huce. Ina za ta zaɓa in ba nan ba?"

Daga can saman gangare muryar Goggo Roshan ta sauko. "Sifat! Garin alkamar nan da kansa zai hauro dutse?"

"Kun ji," ya ce wa ma'aikatan yana saɓa buhu. "Ko'ina nemana ake yi."